Kawu ya ce olsa ce, ya ƙi zuwa asibiti: ina neman shawara

Adiza Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema a kan kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai sayar da goro. Shekarunsa sun haura 55. Tun bayan babbar sallah yake kukan ƙirji, amma ba kullum ba. In yana zaune a rumfa lafiyarsa ƙalau. Da ya hau matakalar kasuwar Kejetiya a nan Kumasi ko ya ɗaga huhun goro sai ya tsaya cak, ya dunƙule hannu ya danna tsakiyar ƙirji, zufa na tsattsafo masa ta ƙasan hula. In ya zauna ya huta kaɗan sai abin ya sake shi. Shi dai ya kafe olsa ce, wato gyambon ciki. Kanwa yake jiƙawa ya sha, wani lokacin kuma ya aika a sayo masa farin maganin nan mai kauri a shagon magani. Mamana ta yi magana har ta gaji, ni kuma 'ya ce, ba zan tsaya ina ja-in-ja da shi ba. Don Allah wanda ya san abin nan ya faɗa mana gaskiya.

Issah Magazin:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Rabin mutanen da muke aiki da su a Suame Magazin, unguwar kanikawa, haka suke fama. Mutum ya fita tun asuba bai karya ba, sai azahar ya zauna ya ci wake da shinkafa da yaji jawur, ƙirji ba zai yi zafi ba? Ya rage yaji, ya riƙa cin abinci a kan lokaci, zai ji sauƙi in sha Allahu.

Anti Rabi (Nas):
Issah, dakata. Adiza, ba zan gaya miki cutar kawunki ta waya ba, wanda bai auna mutum ba ba shi da ikon yin haka. Amma abin da kika kwatanta ya tayar mini da hankali. Ƙwarnafi da gyambon ciki sun fi tafiya da abinci: zafi ne kamar ƙuna, yana tasowa bayan an ci ko in ciki ba komai, yana ƙaruwa in an kwanta, wani lokacin da ɗaci a maƙogwaro. Na kawunki kuwa wahala ce ke kawo shi, hutu ya kore shi. Wannan shi ne yadda zuciya ke kuka in jinin da ke ciyar da ita bai isa ba. Jijiyoyin da ke kai mata jini sun ƙuntata, in mutum na zaune ɗan abin da ke wucewa ya ishe ta, da ya hau bene ta nemi ƙari sai a rasa. Kuma ki lura da hannunsa. Masu irin wannan ciwon ba sa nuna wurin da yatsa ɗaya, dunƙulen hannu suke ɗorawa, su ce nauyi ne ko matsi.

A kai shi a duba a wannan makon, kada a ce sai an gama kasuwa. In kuwa ciwon ya zo masa yana zaune, ko ya wuce minti 15 bai sake shi ba, ko ya gangara hannun hagu, ko muƙamuƙi, ko baya, da zufa mai sanyi da haki ko amai, to wannan ba na jiran gobe ba ne. A wannan lokacin ake tafiya, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Alhaji Garba mai goro:
'Yata Rabi, Allah ya yi miki albarka, amma ku ma'aikatan asibiti kuna magana kamar ba ku san abin da ke korar mutane ba. Na san kawun nan nata, tare muke sana'a. Ba taurin kai ne kawai ba. Ɗan kasuwa in ya rufe rumfa yini guda, ranar gidansa ba cefane. Zai je ya bi layin kati, ya bi layin awo, ya bi layin likita, a ƙarshe a rubuta masa gwaji a ce ya je waje ya biya. Ni na taɓa kai ƙanina wani asibiti da dare yana riƙe da ƙirji, muka zauna a benci har na ji kiran assalatu kafin wani ya dube shi. Kuma duk ƙasar nan ta ji labarin dattijon nan ɗan shekara 70 da aka yi ta yawo da shi a Akra a 2018, asibiti bakwai ana cewa babu gado, har rai ya yi halinsa a cikin mota. Wanda ya ji wannan, in aka ce masa tashi mu je asibiti, dole gabansa ya faɗi.

Anti Rabi (Nas):
Baba Alhaji, ba zan musa maka ba. Abin da ya faru da ƙaninka bai kamata ya faru ba, kuma mu da ke ciki ya fi mu ciwo, don mu ke kallon fuskar dangi. Sai dai akwai abin da mutanenmu ba su sani ba, kuma yana ƙara musu jira. A sashen gaggawa ba wanda ya riga zuwa ake fara gani ba, wanda ya fi haɗari ake fara gani. A Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye, an raba wurin ne da launi: ja, ruwan lemo, rawaya. Abin da ka faɗa a teburin farko da abin da awo ya nuna su ke sa a san inda za a kai ka. Dattijonmu zai zo, a tambaye shi me ke damunsa, kunya da dauriya su sa ya ce "jikin ne dai ba daɗi". To an kai shi layin masu zazzaɓi ke nan. Wanda ya rako shi ya buɗe baki ya ce: ƙirjinsa ke ciwo, ya fara ƙarfe kaza, yana zufa, yana da hawan jini ko suga. Ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya.

Hajiya Memuna Asawase:
Adiza 'yata, ki karanta wannan ki kai wa mamanki. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mai ciwon suga ne. Daren da abin ya faru ya dawo daga sallar isha'i ya ci tuwo kaɗan ya ture kwanon. Ya ce tuwon ya tsaya masa a ƙirji. Bai yi ihu ba, bai faɗi ba. Yana zaune a bakin gado ya cire riga, ya ce a ƙara fanka, alhali jikinsa sanyi ƙarara, zufa kuwa har ta jiƙa zanen gado. Ya yi gyatsa, ya ce kin gani, iska ce. Ya ce a bari gari ya waye kada a tayar da maƙwabta. Da asuba yaranmu suka ɗauke shi. Likitan da ya karɓe mu ya ce zuciya ce, kuma ta riga ta jigata tun cikin dare. Ya ce masu suga sau da yawa ba sa jin ciwon da ƙarfi kamar sauran mutane. Bai kai la'asar ba. Na yarda kwanansa ne ya ƙare. Amma duk matar da mijinta ya ce mata a bari gari ya waye, ta tashi ta buga ƙofar maƙwabci.

Adiza Aboabo:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta wa Baba, ya sa aljanna ce makomarsa. Hajiya, jikina ya yi sanyi.

Malam Mutawakkil:
Allah ya jiƙansa da rahama. Ina so in taɓa abin da Hajiya ta faɗa a ƙarshe, don ina jin wasu na cewa "in kwana ya ƙare likita ba ya ƙarawa". Gaskiya ne, ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma ba wanda aka nuna wa ranarsa, abin da aka ɗora mana shi ne riƙo da sababi. Hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Jikin nan amana ne. Mai iyali da ya ɓoye ciwo yana cewa tawakkali ne, ya tuna akwai haƙƙin mata da 'ya'ya a wuyansa. A yi addu'a, a yi tofi, a cikin motar da ke kan hanyar asibiti.

Rashid Tafo:
Ga wani saƙo da aka turo mini a WhatsApp, ko zai yi amfani. An ce in bugun zuciya ya kama mutum yana shi kaɗai, ya riƙa yin tari da ƙarfi yana jan numfashi, sannan ya sha ruwan zafi da tafarnuwa, jijiyar za ta buɗe.

Dakta Awal:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina aiki a Akra amma ɗan Aboabo ne ni, yanzu na fito na tarar da zancen. Rashid, don Allah kada ka ƙara tura saƙon nan gaba. Tari ba ya buɗe jijiya, tafarnuwa ma haka, lokacin da za a ɓata ana dafa ruwa shi ne lokacin da ake buƙata.

Bari in yi bayani yadda Yaya Issah zai kama shi nan take. Tiyon da ke kai wa inji fetur in datti ya taru a ciki, mota za ta yi tafiya a shimfiɗaɗɗen titi, amma da ta fara hawan tudu sai ta riƙa shaƙewa. Ranar da ya toshe gaba ɗaya inji ya mutu. A jikin mutum kitse ne ke taruwa a bangon jijiya shekara da shekaru, hawan jini da suga da sigari na ƙara masa gudu. Wata rana wurin ya tsage, gudan jini ya daskare a kai ya rufe hanya. Daga wannan lokacin naman zuciyar da ke bayan toshewar ya fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Akwai allurar narkar da gudan jini, akwai kuma aikin zura siririn bututu a buɗe jijiyar, amma amfaninsu ya fi yawa a awannin farko. Bayan awa 12 allurar ba ta cika yin wani tasiri ba. Abin da ya sa muke ta nacin a zo da wuri ke nan.

Gwajin farko kuma ba abin tsoro ba ne, don na san dattawanmu na jin an ce "za a sa maka waya" sai su zaci wuta za a jona musu. Isiji sunansa. Mutum zai kwanta, a manna masa 'yan faifai 10, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana bugun zuciyarsa a takarda. Ba allura, ba zafi, 'yan mintoci an gama. Sai gwajin jini da ake kira tiroponin, wanda ke nuna ko naman zuciya ya ji rauni. Shi wannan yakan ɗauki awanni kafin ya hau, shi ya sa wani lokacin ake cewa ku zauna a sake ɗiba. In an ce ku jira, kada ku yi fushi ku tafi gida.

Issah Magazin:
Dakta, na ji misalinka kuma ya shige ni. Amma bari in faɗi nawa. Ni shekarata 29. Bara ƙirjina ya riƙe bayan mun sauke giyabos, na tsorata na tafi asibiti. Yini guda na yi, na biya kuɗin gwaji, a ƙarshe likita ya danna haƙarƙarina na yi ƙara, ya ce tsoka ce na ja. Kuɗin da na kashe ya fi na cefanen mako. In kowane ciwon ƙirji sai an ruga, talaka zai iya?

Dakta Awal:
Yaya Issah, tambayarka a kan hanya take. Yawancin ciwon ƙirjin da muke gani ba zuciya ba ce. Tsoka ce, ko ƙwarnafi, ko sanyin haƙarƙari, ko fargaba da damuwa. Saurayi mai ƙarfi da ya ɗaga ƙarfe, ciwon na wuri guda, in an danna ko ya juya ya ƙaru, ba haki ba zufa, wannan zai iya zuwa asibitin unguwa da rana a natse. Amma dattijo mai shekara sama da 55 da ciwon ke zuwa in ya hau bene, lissafinsa daban. Matsalar ita ce kowa so yake a ce nasa irin naka ne. Kuma samun sauƙi bayan shan farin maganin nan ba hujja ba ce, don ciwon kawu da ma in ya zauna zai lafa, ko ya sha ko bai sha ba.

Abu ɗaya da nake roƙon ku 'yan Magazin: diklofenak da ibufurofen da kuke sha kullum saboda gajiya suna cin ciki har su kawo gyambon da kuke gudu, suna ɗaga hawan jini, suna taɓa ƙoda.

Rashid Tafo:
Na goge saƙon. To asfirin fa? Na ji ana cewa a tauna.

Dakta Awal:
Wannan yana da asali. In ana kyautata zaton bugun zuciya ne, babban mutum na iya tauna asfirin mai miligiram 300 a kan hanyar asibiti, matuƙar jikinsa ba ya ƙin maganin kuma ba shi da gyambon da ke zubar da jini.

Anti Rabi (Nas):
Dakta, a nan ina da ɗan ja. A unguwarmu in ka ce a tauna asfirin, wallahi wasu za su tauna su koma su kwanta, su ce sun sha magani. Ga kuma irin kawun Adiza da ba a tabbatar ko yana da gyambon ciki ba. Ni na fi son a ce musu ku taho kawai, mu za mu ba shi.

Dakta Awal:
Anti, kin fi ni sanin mutanenmu. Wanda ke cikin Kumasi, asibiti na kusa da shi, ya bi maganarki.

Fusaina Sabon Zango:
Tunda ana zancen, ni ma in tambaya. Yayata ta haihu wata biyu ke nan. Ba ciwo take ji sosai ba, nauyi ne a ƙirji, in ta kwanta sai numfashi ya gagare ta har sai ta tara filo, ƙafafunta sun kumbura. Tsofaffi sun ce jego ne, a ƙara mata ruwan zafi da kunun kanwa.

Dakta Awal:
Fusaina, a kai ta yau. Akwai raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma alamominsa ke nan kika lissafa. Likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970 saboda yawansa a tsakanin matan Hausawa, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta raunana ba ta iya ɗauka. Mai jego kuma na cikin haɗarin gudan jini ya tashi daga ƙafa ya tafi huhu. A dakatar da kanwar har likita ya gan ta.

Inna Ladi:
Ɗana likita, mu da muka haifi goma da wankan jego da kunun kanwa ga mu nan da ranmu. Kada ku mayar da al'adar iyayenmu cuta.

Hajiya Memuna Asawase:
Yaya Ladi, ni ma da shi aka yi mini, kuma ban ce a daina kula da mai jego ba. Amma ki tuna 'yan uwanmu nawa muka rufe kafin su yi arba'in aka ce kumburi ne. Wadda ke lafiya a yi mata wankanta da ruwa mai ɗumi. Wadda ba ta iya kwanciya saboda haki, ba wanka take buƙata ba.

Inna Ladi:
To, a kai ta ɗin. Allah ya ba ta lafiya ya raya abin da aka samu.

Adiza Aboabo:
Jama'a, na gode. Mama ta kai wa babban yayansu maganar, ta karanta masa abin da Hajiya ta rubuta. Shi ya kira Kawu, kun san ba a musu da babba. An auna jininsa 170 bisa 100, an yi isijin, an ba shi magunguna har da wani ƙarami da zai sa a ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso, an kuma tura shi wurin likitocin zuciya a Gee. Sun ce sai an yi hoton zuciya da ake kira eko, kuma katin inshora ba ya biyan wannan.

Alhaji Garba mai goro:
Alhamdu lillahi da aka gano. Amma kun ga abin da nake faɗa. Yanzu aka fara lissafi.

Anti Rabi (Nas):
Haka ne Baba. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, tana ɗaukar ganin likita da magungunan hawan jini da suga da ke cikin jerinta, amma eko da hoton jijiyoyin zuciya da tiyatar zuciya suna cikin abubuwan da aka ware. Babban aikin zuciya kuma sau da yawa sai an dangana da cibiyar zuciya ta asibitin Korle Bu da ke Akra, wadda Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa a 1989. A 2025 gwamnati ta ƙaddamar da asusun MahamaCares domin irin waɗannan cututtuka masu cin kuɗi, ku tambayi ofishin walwalar jama'a na asibitin yadda ake nema. Duk da haka, ku duba bambancin. Awon hawan jini kusan kyauta ne, ƙwayar da ke riƙe shi tana cikin inshora. Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 ko sama a kai a kai, ya fara magani tun bai kai ga eko ba. Kati kuma ku duba ko ya mutu, ana sabunta shi ta waya da *929#, a biya da MoMo, wato kuɗin waya. Dattawa masu shekara 70 zuwa sama ba sa biyan kuɗin shekara.

Baba Yakubu direba:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne maganar Hajiya ta dare. Lambar gaggawa 112 ce, kowa ya ajiye. A 2020 an raba motocin ɗaukar marasa lafiya 307 a ƙasar nan, kowace mazaɓa ta samu. Amma lungunanmu na Aboabo mota ba ta shiga, kuma in an kira sai ka ji mutum na cewa "bayan masallaci, kusa da mai koko". Masallaci nawa ne a Aboabo? Kowane gida ya rubuta lambar adireshinsa ta GhanaPost a jikin bango kusa da ƙofa, in an kira a tura yaro bakin titi da tocila ya tare su. In motar za ta yi jinkiri kada a tsaya jira. Tasina tana kwana a ƙofar gida, wanda ƙirji ya kama cikin dare a buga mini, ba na son ko sidi ɗaya. Mara lafiyar dai kada ya tuƙa kansa, kada kuma a sa shi ya taka zuwa titi, a ɗauko shi a kujera.

Malam Mutawakkil:
Allah ya saka da alheri Baba Yakubu. Zan yi wa liman magana, in Anti Rabi za ta samu lokaci a riƙa auna jini a harabar masallaci bayan Juma'a. Mata kuma a yi musu nasu a makarantar Islamiyya ranar Asabar.

Anti Rabi (Nas):
Zan zo da abokiyar aikina, muna da na'urar awo biyu. Sharaɗina ɗaya: wanda na rubuta wa takarda na ce ya je asibiti, a samu wanda zai bi shi ya tabbatar ya je.

Alhaji Garba mai goro:
To ku ƙara da wannan. Mu 'yan goro muna da adashi, amma na biki da suna ne da jana'iza. Zan kai maganar a ware wani abu na gwajin asibiti, mu fara da ekon mutumin nan. Sai dai kuɗin ba zai zauna a hannun mutum ɗaya ba, a sa mutum uku su riƙa sa hannu. Malam, kai ne na farko. Hajiya Memuna, za ki karɓi na biyu?

Hajiya Memuna Asawase:
Na karɓa, Alhaji. Na ukun a nemo cikin samari, wanda ya iya lissafi a waya. Fusaina, kin yi shiru, an tafi da yayar taki?

Fusaina Sabon Zango:
Muna cikin pragiya, keken nan mai ƙafa uku, yanzu Hajiya, mun kusa asibitin Manhyia. Inna Ladi ce ta riƙe jaririn.